Aikin sito: gudu, obataim ko koyon aiki, wanne ne kwalliyarsa ke biyan kuɗin sabulu?

Kowane sito yana da mutumin da in an ce a sauke tirela shi ne farkon hawa, shi ne ƙarshen saukowa, lokacin hutu ma za ka gan shi yana jan falet, wato katakon da ake jera kaya a kai. Yana kuma da wanda ya san adadin da ake nema a wurinsa, ya cika shi daidai wa daida, ya wanke hannu ya kama hanyar gida. Sabon ma'aikaci yakan rasa wa zai bi a cikinsu. Kafin ya zaɓa, abu na farko da ya kamata ya buɗe shi ne takardar ɗaukarsa aiki, ya ga yadda ake lissafin kuɗinsa, domin rabin amsar a nan take.

Abin da ake kira "ƙara ƙoƙari" a sito kala uku ne, kuma ribarsu ba ɗaya ba ce. Akwai ƙara sauri a cikin awoyin da ka saba yi. Akwai ƙara awoyin su kansu, wato obataim. Akwai kuma ƙara abin da ka iya: tuƙin motar ɗaga kaya, ƙidayar kaya, karɓar kaya da takardunsu. Yawancin masu zuba ƙarfi na farkon suke zaɓa, alhali shi ne mafi ƙarancin riba a cikin ukun.

Gudu: wa ke cin ribarsa?

Ga misali mai sauƙin lissafi. An ɗora maka kwali 100 a awa, kowanne kilo 12, awa 8 a rana. Kilo 9,600 ke nan ke bi ta hannunka kullum. Sai ka ƙara wuta ka kai 130 a awa, nauyin ya koma kilo 12,480. Ka ƙara wa bayanka kusan tan 3 a rana, sama da tan 14 a mako mai kwana 5 na aiki.

In albashin awa ko na wata ake biyanka, wannan tan 14 kyauta ka bayar. Abin da kake samu a kan kowane kwali ma raguwa ya yi da kashi 23 cikin 100. In akwai bonas, a ce kashi 10 cikin 100 na albashi ga wanda ya kai 130, to ka ƙara aiki da kashi 30 an ƙara maka kuɗi da kashi 10. Sannan ka karanta sharuɗɗan bonas ɗin da kyau. A wurare da dama fashin kwana ɗaya, ko kuskuren kaya da ya wuce ƙima, yana soke na wata guda gaba ɗaya. Wani kuma na rukuni ne, sai duk 'yan layinku sun kai, don haka gudunka kai kaɗai ba zai kawo shi ba.

Inda gudu ke shiga aljihu kai tsaye shi ne aikin jinga, inda ake biya a kan kowane buhu, kowace falet ko kowace mota. A nan ƙarin kashi 30 na aiki ƙarin kashi 30 ne na kuɗi. Duk da haka akwai tambayoyi: wa ke ƙirga kayan, kuma kana ganin lissafin? Ana biyan lokacin da aka zauna jiran mota? In kaya ya fashe, daga kuɗin wa ake cirewa? Wa ke raba lodi mai nauyi da marar nauyi? Jingar da ba a fayyace waɗannan ba tana iya zama ƙasa da albashin wata in aka haɗa lissafin ƙarshe.

Sai babbar matsalar, wadda tsofaffin ma'aikata suka sani tun kafin a ƙirƙiro sikana: adadin da ake nema yana bin ƙafar masu gudu. A manyan sitocin zamani duk kwalin da ka haska da sikana kwamfuta na rubuta lokacinsa, kuma daga abin da ma'aikata suka nuna suna iyawa ake yanka adadin gaba. Abin da yau ake yaba maka a kai, bayan 'yan watanni shi ne ƙa'ida, in ka gaza shi kuma a kira ka ofis. Tsohon labari ne. A 1899, a kamfanin ƙarfe na Bethlehem a Amurka, Frederick Taylor ya gwada wannan a kan masu lodin guntayen ƙarfe. Bisa alƙaluman da shi da kansa ya bayar, lodin mutum ɗaya ya tashi daga tan 12 da rabi zuwa tan 47 da rabi a rana, ladan kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Aiki ya kusa ninkawa huɗu, kuɗi ya ƙaru da kashi 60 cikin 100. Tsarin bai canja sosai ba har yau, kayan awon ne kawai suka canja.

Matsin lambar adadi ya kai har wasu wurare sun yi masa doka. Jihar Kaliforniya ta zartar da tata a 2021, ta fara aiki a Janairun 2022: dole manyan sitoci su ba ma'aikaci adadin da ake nema a rubuce, kuma ba a yarda adadin ya hana shi cin abinci, hutu ko zuwa banɗaki ba. Jihar New York ta biyo baya da makamanciyarta. Ko babu irin wannan doka inda kake, ka nemi a faɗa maka adadin ƙarara. Mai gudu ba tare da ya san inda layin yake ba, wahala kawai yake sha.

Abin da baya ke biya

A nan ne lissafin ke da zafi, domin jiki ba ya biyan kuɗin gudu daidai da ƙarin saurin, fiye da haka yake biya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, tana da ma'aunin ɗaga kaya da ta sabunta a 1991. Ma'aunin yana farawa daga kilo 23, kuma wannan sai in komai ya yi daidai: kayan na manne da jiki, yana kusa da tsayin ƙugu, yana da mariƙi mai kyau, ba a murɗa jiki, ba a kuma maimaitawa da yawa. Daga nan sai ragi. Ga mai aikin awa 8, in sau 2 yake ɗagawa a minti, nauyin da ya dace ya sauko kusan kilo 15. Sau 4 a minti, kusan kilo 10. Sau 6 a minti, kilo 6 da 'yan kai. Ka lura da tsallen nan: daga 4 zuwa 6 saurin ya ƙaru da rabi, amma nauyin da baya zai jure ya faɗi da kashi 40 cikin 100. Shi kuwa kwalin bai san da wannan ba, kilo 12 ɗinsa yana nan.

Sauri kuma yana ɓata yanayin ɗagawa, wanda shi ne rabin matsalar. Mai gaggawa ba ya zagaya falet, daga inda yake tsaye yake miƙa hannu ya finciko kwalin da ke can ciki. A ma'aunin nan, kayan da ke nesa da jiki da santimita 50 maimakon 25 yana rage nauyin da aka yarda da shi da rabi cif. Mai gaggawa ba ya juya ƙafafunsa, ƙugu yake murɗawa ya ajiye, kuma murɗawar da ta kai digiri 90 tana rage kusan kashi 30 cikin 100. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ma tana da nata jagoran: kilo 25 ga namiji, kilo 16 ga mace, in kayan na kusa da jiki a tsayin ƙugu, amma a saman kafaɗa da miƙaƙƙen hannu kilo 5 ne kacal ga namiji.

Raunin sito galibi ba faɗuwa ɗaya ba ce. Taruwa yake yi a kwankwaso, kafaɗa, wuyan hannu da gwiwa, wani lokaci ya fito a matsayin ƙaba. Dalilin shi ne nama yana warkewa cikin kwanaki kuma yana ƙara ƙarfi da wuri, amma jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya jini kaɗan ke kai musu, sai su ɗauki makonni ko watanni. Shi ya sa matashi zai ji ƙarfinsa na ƙaruwa a watannin farko, ya ƙara gudu, alhali sassan da ba ya ji suna can a baya ba su kamo ba. Masana aikin ƙarfi suna cewa abin da mutum zai iya riƙewa awa 8 ba tare da gajiya ta taru ba shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar ƙarfin numfashinsa. Ma'auninsa a aikace mai sauƙi ne: in ba ka iya yin magana mai tsawo kana aiki sai da haki, ka wuce saurin da za ka riƙe har a tashi.

Abubuwa biyu da masu gudu ke dogara da su ba sa ceto. Bel ɗin ɗaure ƙugu: NIOSH ta duba shi a 1994 ba ta sami isasshiyar hujjar cewa yana hana rauni ba, ga shi yana sa mutum ya ji kamar zai iya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Sai maganin kashe ciwo kafin shiga aiki. Ibuprofen da diclofenac suna wahalar da ƙoda a jikin da ya zubar da ruwa ta gumi, suna kuma cin ciki. Tramadol kuwa yana kama mutum, yana rage hankali a wurin da motoci ke kai-komo. Dukkansu ƙararrawar suke kashewa, wutar na ci gaba da ci.

Yanzu a haɗa lissafin. Mai awa 40 a mako da bonas na kashi 10 cikin 100, ribarsa a mako daidai take da kuɗin awa 4. In ciwon baya ya kwantar da shi mako 6 babu biya, ya yi asarar kuɗin awa 240. Sai ya yi mako 60 yana cin bonas ba fashi kafin ya mayar da wannan, ba a ma sa kuɗin asibiti ba.

Obataim

Wannan ya fi gudu gaskiya, domin farashinsa a rubuce yake. Yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1919, ta sa awa 8 a rana da awa 48 a mako, ta kuma ce kuɗin obataim kada ya gaza ɗaya da kwata na kuɗin awa. A Amurka ɗaya da rabi ne ga duk awar da ta haura 40 a mako. Tarayyar Turai ta sa iyakar awa 48 a mako in an ɗauki matsakaici, da hutun awa 11 a jere kowace rana. Ka binciki abin da dokar ƙasarka da takardarka suka ce, domin akwai wuraren da obataim ɗin suna ne kawai, a kuɗin awa na yau da kullum ake biyansa, ko a ce za a rama maka da hutun da ba ya zuwa.

In ɗaya da rabi ne, awa 10 a kan 40 tana kawo kuɗin awa 15. Ka ƙara lokaci da kashi 25 cikin 100, kuɗi ya ƙaru da kashi 37 da rabi. Ka kwatanta da gudu, inda ka ba da 30 aka ba ka 10. Ga mai neman kuɗi da gaske, awa biyu ta obataim a saurin da aka saba ta fi yini guda na tsere.

Amma yana da rufi. Masanin tattalin arziki John Pencavel ya bi bayanan ma'aikatan masana'antun makamai na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga cewa bayan kusan awa 49 a mako kowace ƙarin awa ƙaramin amfani take bayarwa, har abin da aka samar a awa 70 bai bambanta sosai da na awa 56 ba. Wani bincike kan ma'aikatan Amurka da aka wallafa a 2005 ya nuna masu aikin awa 12 ko fiye a rana haɗarin rauninsu ya ƙaru da kashi 37 cikin 100, masu awa 60 ko fiye a mako kuma da kashi 23. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago suka fitar da cewa awa 55 ko fiye a mako tana da alaƙa da ƙarin kashi 35 cikin 100 na haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da kashi 17 na mutuwa da ciwon zuciya, in aka gwada da awa 35 zuwa 40. Ga kuma barci: wanda ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, saurin hankalinsa yana komawa kamar na wanda ya ɗan bugu. Irin wannan mutumin ne ke ja da baya da falet ba tare da ya waiwaya ba.

Don haka obataim abin yi ne da manufa da wa'adi: bashin da za a biya, kuɗin horo, lokacin cunkoson kaya na 'yan makonni. A tsaya kusa da awa 50, a bar kwana ɗaya cikakke na hutu, kada a haɗa shi da gudu. Haɗa su biyun shi ne mafi munin zaɓi a duk jerin nan.

Koyon aiki

Akwai abin da masu zuba ƙarfi ba sa son ji: wanda ya fi kowa saurin ɗibar kaya shi ne wanda shugaban aiki ya fi ƙin ɗagawa daga wurin, domin in ya tafi lambobin layin za su faɗi. Sauri yana sa a riƙe ka a inda kake. Abin da ke sa a matsar da mutum gaba daban ne: zuwa a kan lokaci ba fashi, ƙarancin kuskure, iya aiki a sashe fiye da ɗaya, da iya koya wa sabo ba tare da faɗa ba.

Kuskure ya fi jinkiri tsada. Kwalin da aka tura ba daidai ba sai an dawo da shi, an sake shigar da shi kwamfuta, an mayar da shi kanta, an ɗauko na gaskiya, an sake biyan kuɗin mota. Shi ya sa mai kashi 105 cikin 100 na adadi da hannu mai tsabta ya fi mai 130 da ke jawo koke daraja a idon manajan da ya san aikinsa.

Abubuwan da suka cancanci rarar ƙarfinka sanannu ne. Takardar shaidar tuƙin motar ɗaga kaya, musamman mai shiga ƙunƙuntar hanya tsakanin dogayen kantoci, tana ƙara kuɗi a mafi yawan wurare kuma tana ɗauke nauyi daga bayanka. Karɓar kaya: gwada abin da ya sauka da takardar da ta rako shi, rubuta wanda ya lalace kafin direba ya tafi, sanin abin da ake sa hannu a kai da abin da ba a sawa. Ƙidayar kaya ta lokaci-lokaci da gano dalilin da ya sa abin da ke kanta bai yi daidai da na kwamfuta ba. Tsarin fitar da wanda ya riga shigowa, ko wanda wa'adinsa ya fi kusa. Sanin manhajar sito fiye da danna sikana. Waɗannan su ne hanyar zama sitokifa ko shugaban layi, kuma suna bin ka in ka canja wurin aiki. Tan 14 da ka ƙara a makon jiya kuwa ba ya shiga takardar neman aiki.

Aibin koyon aiki shi ne jinkiri, kuma ba kowane sito ke da tsani ba. Gwajin mai sauƙi ne: shugabannin layin da ke nan yanzu, daga ƙasa suka taso ko daga waje aka kawo su? In amsar daga waje ce, koyi abin da za ka koya ka nemi gaba.

To wa ya kamata ya yi me?

Ma'aikacin wucin gadi, ko wanda ke watannin gwaji, yana da dalilin nuna ƙwazo, domin ana kallon lambobinsa kafin a tabbatar da shi. Ko shi ma abin da yake buƙata shi ne ya zauna sama da tsakiya, kamar kashi 105 zuwa 110 cikin 100, kullum ba hawa da sauka. Ya kuma tambayi mutum nawa aka tabbatar daga rukunin da ya gabata. Makon farko kuwa ba na gwaninta ba ne, musamman a sito mai zafi: jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba, kuma hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ce kusan uku cikin huɗu na mace-macen zafi a wurin aiki a makon farko suke faruwa. Kofi ɗaya na ruwa, kamar rubu'in lita, kowane minti 15 zuwa 20 shi ne ƙa'idar aikin gumi.

Mai albashi tsayayye da babu bonas, babu tsani, ya cika adadinsa da kyau ya tsaya nan. Wannan ba lalaci ba ne, abin da aka saya ke nan. Sai dai kada ya zame ƙasan jeri, domin daga nan ake fara sallama in kasuwa ta ja baya, kuma nauyin da ya bari abokan aikinsa ne ke ɗauka. Mai jinga ya yi sauri, amma ya auna kuɗinsa a wata, ba a yini ba: yini uku na tsere da biyu na jinya bai kai biyar na tafiya daidai ba. Wanda ya haura shekara 40, ko ya taɓa samun ciwon baya, koyon aiki ya fi masa komai gaggawa.

In ana son ƙarin lamba ba tare da ƙarin wahala ba, a ƙafa ake nemanta. Kusan rabin lokacin mai ɗibar kaya a tafiya yake ƙarewa, don haka haddace wuraren kaya, haɗa ɗiba biyu a zagaye ɗaya, da ajiye kura daf da kanta sun fi gudu kawo riba. A jera masu nauyi a ƙasan falet tun farko don kada a sake jeri. A duba batirin sikana, tef da wuƙar yanka kwali kafin a fara. A tura kura, kada a ja ta. A jawo kwali bakin kanta kafin a ɗaga shi, a juya da ƙafa, abin da ya wuce kilo 25 kuma a kira mutum na biyu ko a kawo jak ɗin ɗaga falet.

Akwai alamun da ba a jira da su har a tashi: ciwon da ke sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa, mutuwar yatsu ko ƙafa, kumburi a mara ko cibiya, jiri ko ruɗewa cikin zafi, da fitsari mai launin shayi bayan aikin ƙarfi, wanda kan nuna nama na narkewa yana shiga jini har ya taɓa ƙoda. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya ajiye kayan, ya sanar da shugaban aiki a rubuce a ranar, da kwanan wata da abin da yake ɗauka lokacin, ya riƙe kwafi, ya ga likita. Raunin da ba a rubuta a ranarsa ba shi ne ake musantawa daga baya in maganar diyya ta taso.